Lakar da Bakolori ta tare

Kafin a gama madatsar Bakolori a 1978, gulbin Sakkwato ne ke raya ƙasar fadamun Talata Mafara da Bakura. Duk damina yakan tumbatsa ya shimfiɗa sabuwar laka, manomi ya shuka shinkafa bai sayi taki ba. Da rani shanun Fulani su ci kara, su bar kashi a gona. Madatsar ta tare ruwan, ta tare lakar tare da shi. Za a ce ai an samu noman rani, girbi biyu a shekara. Haka ne, amma ƙasar da ake nomawa sau biyu ba hutu sai da takin zamani, kuma gonakin da ke can gangaren gulbin, inda magudanan aikin noman ranin ba su kai ba, ko wannan ribar ba su gani ba.