Fitilar da Direba Ya Liƙe wa Salatif: Tarihin Sensar Matsin Birki

Ga rubutun shirinmu na wannan mako saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Watanni kaɗan da suka wuce na hau wata Golf ta haya daga Kano zuwa Zariya. Ina zaune a gaba, sai na lura direba ya liƙa baƙin salatif a kan gilashin dashbod, daidai gefen agogon gudu. Na ce masa, "Malam direba, me aka rufe a nan?" Ya ce, "Wata fitila ce mai ruwan ɗorawa ke damuna da daddare. Bakanike ya ce sensa ce kawai, birki lafiya lau." Mu bakwai ne a motar, har da mace mai goyo. Mun isa lafiya, amma kalmar nan "kawai" ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na je na bincika daga ina wannan sensa ta fito, kuma me ake yi idan ta lalace.

Mu fara daga tushe. Motocin farko da sanda da waya ake ja musu birki, kamar na keke. Ƙarfin ƙafarka shi ne ƙarfin birkinka, kuma da wuya tayoyi su kama daidai da juna. Wani Ba'amurke mai suna Malcolm Loughead, wanda daga baya ya mayar da rubutun sunansa Lockheed, shi ya yi rajistar birki mai aiki da mai wajen 1917. Dabarar tsohuwa ce, tun ƙarni na 17 Blaise Pascal na Faransa ya bayyana ta: idan ka matsa ruwa a cikin rufaffen bututu, matsin zai isa ko'ina daidai wa daida. Ka taka birki, masta ta tura mai, man ya bi bututu ya matse tayoyi huɗu lokaci guda. Duesenberg ta sa shi a motarta a 1921, Chrysler ta biyo baya a 1924. Ford kuwa ta yi ta jan ƙafa har sai 1939.

To amma wannan ci gaba ya zo da nasa haɗarin. Layi ɗaya ne ke kai mai ga dukkan tayoyin. Bututu ɗaya ya fashe, shi ke nan, ka taka birki ya tafi har ƙasa babu abin da ya kama. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin Amurka ta wajabta raba layin gida biyu, ta yadda in ɗaya ya zubar da mai ɗayan zai tsayar da mota. Aka kuma sa wani ɗan makunni a tsakanin layukan biyu. Idan matsin ɓangare ɗaya ya faɗi, sai ya kunna jar fitila a gaban direba. Wannan shi ne kakan sensar da muke magana a kai. Abu biyu kawai ya sani: akwai matsala, ko babu.

Sai zamanin kwamfuta. A 1978 kamfanin Bosch da Mercedes suka fito da ABS na lantarki a motar S-Class, wato tsarin da ke hana taya ƙamewa ta riƙa jan ƙasa idan an taka birki da ƙarfi. A 1995 suka ƙara ESP, wanda ke kama taya ɗaya-ɗaya da kansa idan mota ta fara juyawa ba inda direba ya nufa ba. Da farko kayan masu kuɗi ne, sai manyan motoci. Abin da ya sauko da shi ƙasa abin kunya ne. A watan Oktoban 1997 'yan jaridar wata mujallar motoci a Suwidin suka gwada sabuwar ƙaramar Mercedes, A-Class. Gwajin shi ne a kauce wa abu kwatsam a kan titi, kamar yadda direbobin can ke kauce wa wata ƙatuwar dabbar daji mai ƙaho. Mota ta kife. Labari ya zaga duniya, Mercedes ta dakatar da sayar da ita na wasu watanni, ta dawo da ita a 1998 da ESP a kowace ɗaya. Sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga ƙirar 2012 Amurka ta wajabta shi a ƙananan motoci, Tarayyar Turai kuma ta wajabta shi a kan duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014.

A nan ne sensar matsin birki ta shigo da gaske. ESP ba zai iya aiki ba sai ya san abubuwa huɗu: gudun kowace taya, inda aka murza sitiyari, yadda jikin motar ke juyawa, da kuma ƙarfin da direba ya taka birki. Na huɗun nan aikin wannan sensa ne. Cikinta akwai wani siririn faifai da man birki ke dannawa, sai ta mayar da dannawar zuwa lantarki ta aika wa kwamfuta. Ta wuce kakanta nesa, domin ita adadi take faɗa: ka ɗan taɓa ne, ko ka taka iya ƙarfinka. A motoci da dama da ita kwamfuta ke gane cewa birkin gaggawa ne, ta ƙara maka ƙarfi idan ƙafarka ta gaza.

Kar ku ɗauka ina cewa waɗannan na'urori ba sa kuskure. Suna yi, kuma tarihi ya rubuta. Bari in ba ku misali uku.

Na farko Ford. Shekara da shekaru tana ɗaura wani makunnin matsi, ƙirar Texas Instruments, a jikin mastar birki. Aikinsa ya kashe na'urar riƙe gudu da zarar an taka birki. Wani siririn shamaki ne ya raba man birki da wayoyin lantarki a cikinsa, kuma wuta tana zuwa masa ko da an zare makulli. Idan shamakin ya tsage, mai ya shiga, sai wayoyi su ci, su yi zafi. Motoci suka riƙa kamawa da wuta suna ajiye, wasu a garejin gida da tsakar dare. Daga 1999 zuwa 2009 Ford ta yi ta kiran motoci a dawo da su gyara, jimilla sama da miliyan 14. Gyaran da aka yi wa da yawansu ɗan guntun waya ne mai fiyus. Ku duba ƙanƙantar abin, ku duba girman ɓarnar.

Na biyu Mercedes ɗin dai. A 2001 ta fito da wani birki mai suna SBC a motar SL, sannan a E-Class a 2002. A wannan tsari ƙafarka saƙo kawai take bayarwa, famfon lantarki da sensoci ne ke matse tayoyi. Idan tsarin ya samu matsala sai ya koma birkin ko-ta-kwana, mai tauri, mai buƙatar doguwar tazara kafin tsayawa. A 2004 kamfanin ya kira motoci kusan 680,000, a 2005 ya sake kiran kusan miliyan 1.3. Da aka sabunta E-Class a 2006 sai aka cire SBC aka koma birkin da aka saba.

Na uku shi ya fi kusa da mu. Golf 5, Touran, Audi A3 da 'yan uwansu na Skoda da Seat na tsakiyar shekarun 2000, da yawansu suna ɗauke da famfon ABS ƙirar ATE mai suna MK60. A wasu nau'o'insa sensar matsi, wadda Volkswagen ke kira G201, a cikin ƙarfen famfon take, ba a kwance ta ita kaɗai. Ta yi suna wajen mutuwa. Fitilar ESP ta kama ta ƙi mutuwa, a sa kwamfuta a ga lamba 01435. A Turai mai irin wannan mota ba zai ci jarrabawar lafiyar mota da fitilar a kunne ba, ga gyaran da tsada. To ina tsofaffin motocin Turai ke ƙarewa? Kun san amsa. Su ne ake saukewa a Kwatano da Legas, mu saya muna cewa 'yar Beljiyam ce, ba a taɓa hawanta a Najeriya ba. Ban ce Golf ɗin da na hau wannan ce matsalarta ba, ban sa mata kwamfuta ba. Amma shi ma bakaniken da ya ce "sensa ce kawai", ina shakkar ya sa.

Yanzu, ta yaya ake gane sensar ce ta lalace ba birkin kansa ba? Wannan ne ya kamata kowane mai mota ya sani, ko da ba shi zai riƙe sifana ba.

Abu na farko launin fitila. Idan ja ce, kuma ka tabbatar birkin hannu a sauke yake, ka tsaya. Ja na nufin mai ya yi ƙasa ko matsi ya faɗi, ba a tafiya da ita. Idan mai ruwan ɗorawa ce ta ABS ko ESP, galibi birkin ƙafa yana nan, amma kwamfuta ta janye hannunta. Za ka yi wata shida ba ka ji bambanci ba. Ranar da ruwa ya sauka a kan kwalta, ko akuya ta faɗo titi ka murza sitiyari da sauri, ranar ce za ka nemi abin da ka liƙe wa salatif.

Sai a duba abubuwa masu araha kafin a taɓa masu tsada. A buɗe bonet a ga man birki, a leƙa bayan tayoyi ko akwai yoyo. A taka birki a riƙe: in yana nutsewa a hankali, ko yana laushi kamar soso, wannan matsalar masta ce ko iska a layi, canza sensa ba zai gyara ta ba. A gwada batir, domin raunin batir yana sa kwamfutar birki ta yi ta kawo lambobin ƙarya. A duba fiyus da soket, ko ruwa ya shiga ko ya yi tsatsa. A kuma duba fitilun birki na baya. Wannan yana ba mutane mamaki, amma kwamfuta tana kwatanta makunnin fitilar birki da sensar matsi. Idan ɗaya ya ce an taka, ɗaya ya ce ba a taka ba, sai ta yi ƙorafi, kuma sau da yawa ɗan makunnin nan mai araha ne mai laifi.

Bayan nan sai kwamfuta. Tun 1996 Amurka ta wajabta soket ɗin bincike iri ɗaya a motoci, Turai ta bi a farkon shekarun 2000, don haka motoci da yawa da ke kan titinmu suna da shi, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Sai dai ƙananan na'urorin da ke karanta injin kawai ba sa shiga ɓangaren birki, sai wadda ke iya buɗe ABS. Kuma karanta lamba rabin aiki ne. Ka ce wa mai gyaran ya nuna maka adadin matsin kai tsaye a fuskar na'urar. Ƙafa a ɗage, ya kamata ya nuna sifili ko dab da sifili. Ka taka a hankali ya riƙa hawa a hankali, ka saki ya dawo. Idan ya tsaya cak a lamba ɗaya, ko yana nuna matsi mai yawa alhali ba wanda ya taɓa birki, ko yana tsalle-tsalle, to sensar ko wayarta ce. Idan ya ɗan kauce wa sifili kaɗan, wani lokaci saiti kawai take so, a sake nuna mata inda sifili yake. A motocin da sensar ke waje mai wayoyi uku, mai wayarin zai iya aunawa da mita: waya ɗaya tana kawo volt 5, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun kuma yawanci tana farawa wajen rabin volt ta hau zuwa huɗu da rabi gwargwadon takawa.

In an tabbatar ita ce, kuma a cikin famfo take, sai dai a canza ɓangaren ƙarfen ko famfon gaba ɗaya. Mai zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka neman na hannu, ya tafi da lambar da ke jikin nasa, domin kama da wane ba ta wane. Ya kuma tuna na hannun ma daga irin motocin nan aka ciro shi, don haka a gwada shi a kwamfuta kafin a biya. Bayan ɗaurawa dole a fitar da iska daga layi, a yi wa kwamfutar saiti, sannan a gwada motar a fili ba a kan babban titi ba.

Ni ba na zargin direban nan shi kaɗai. Yana neman na cefane, famfon ABS kuma ba kuɗin wasa ba ne. Ba na kuma raina makanikanmu, mutanen da ke tayar da motar da Bature ya yanke wa ƙauna. Matsalar ita ce mota ta koma kwamfuta, mu kuma har yanzu da kunne da guduma muke koyar da yaran gareji. Ga matasa nan sun gama digiri a lantarki da kimiyyar kwamfuta suna zaune, ga gareji a kowace unguwa babu mai iya karanta abin da mota ke faɗa. Wanda ya haɗa waɗannan biyun ya samu sana'a, ya kuma ceci rayuka.

Mai sayen mota kuma, ga gwaji na kyauta. Ka murza makulli ba tare da ka tayar da injin ba. Fitilun ABS da ESP dole su kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan su mutu. Idan ba su kama ba sam, kar ka yi murna, mai yiwuwa wani ya cire ƙwan ko ya rufe shi daga ciki. Fasinja ma yana da baki. In ka ga salatif a dashbod ka tambaya cikin ladabi, kamar yadda na yi, amma kar ka tsaya inda na tsaya. Ka ce masa, "Malam, an sa ta a kwamfuta kuwa?" In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Makanikai da masu wayarin da ke bibiyar wannan shafi, ku faɗa mana motocin da kuka fi ganin wannan matsala a cikinsu, da abin da gyaran ke ci a garinku. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.