Daga Turu Zuwa Asibiti: Tarihin Kula da Masu Taɓin Hankali a Ƙasar Kano



Kafin zuwan Turawa, gida shi ne asibitin farko na mai taɓin hankali a ƙasar Hausa. Dangi kan kai shi wurin malami a yi masa rubutu da tofi, ko wurin boka, ko kuwa 'yan bori su yi masa girka in an ce iskoki ne suka taɓa shi. Wanda ya gagara akan sa shi a turu. Duk da haka, ba a cika raba majinyaci da danginsa ba.

Turawan mulkin mallaka suka zo da wata hanya dabam. Sun buɗe gidan mahaukata a Yaba ta Ikko a 1907, suka kafa doka a 1916, wadda aka sabunta a 1958. Manufar dokar ita ce tsarewa, ba warkarwa ba. A nan Arewa, sau da yawa gidan yarin En'e ne makomar irin waɗannan bayin Allah.

Abubuwa biyu suka sauya al'amarin. A 1952 likitoci a Faransa suka fara amfani da maganin chlorpromazine, mai kwantar da ruɗewar hankali. A 1954 kuma Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, watau ya saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne da ɗan'uwansa, suna zuwa karɓar magani da rana. Daga baya Arewa ta sami asibitocinta, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Dawanau a Kano. Amma ginin muka ɗauka, muka bar darasin Lambo.

Mu ɗauki misali da ƙasar Kura da Bunkure. Tun da aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin magudanai har bakin gonar mai noman shinkafa, alkama da tumatir. To, amma in ɗan manomin nan ya kamu, sai uban ya bar ban-ruwa, ya biya kuɗin mota, ya ratsa birnin Kano daga kudu zuwa hanyar Katsina kafin ya isa Dawanau. Ga shi kuwa jinyar ta watanni ce, wani lokaci ta shekaru. Idan aljihu ya gaza, sai a koma ga sarƙa. Abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019 ya isa shaida.

A takarda dai an ci gaba. Manufar ƙasa ta 1991 ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin kiwon lafiya a matakin farko, sa'an nan a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa.

Saura aiki, kuma a hannunku yake, ya ku ma'aikata: a horar da malaman asibitin karkara su gane ciwon, su saurari majinyaci, su ba dangi shawara, a kuma tanadi magani a kusa. Gwamnatin da ta iya kai ruwa gonar mutumin Kura ba za ta kasa kai masa wannan ba.