Ƙona Gawa da Makomar Rai a Addinan Hindu, Kiristanci da Musulunci

Saɓanin da ke tsakanin addinai kan ƙona gawa ya ƙunshi tambayoyi biyu waɗanda ake yawan cuɗanya su. Ɗaya ta hukunci ce, wato ko ya halatta masu rai su ƙona mamacinsu maimakon binne shi. Ɗayar kuma ta makoma ce: ko wutar da ta cinye jiki tana sauya abin da rai zai tarar bayan mutuwa. Idan aka ware su, za a ga cewa addinan da suka fi tsananta hani ba su ne ke cewa ƙonawa na cutar da rai ba. Masu ɗora wa wuta nauyi a kan makomar mamaci su ne masu wajabta ta.

A wajen mabiya addinin Hindu ƙona gawa ibada ce, ita ce hadaya ta ƙarshe a rayuwar mutum, kuma Agni, abin bautarsu na wuta, shi ne manzon da ke miƙa mamaci ga magabatansa. A matattakalar Manikarnika da ke bakin kogin Ganga a birnin Baranasi, inda wuta ba ta mutuwa dare da rana, babban ɗan mamaci kan aske kansa, ya ɗaura farin ƙyalle, ya kewaya tulin itace, sannan ya cinna wuta. In wuta ta ci rabin jiki sai a fasa ƙoƙon kai da sandar gora, domin a fahimtarsu ta nan ne rai ke samun mafita. Bayan an zuba toka a kogi, iyali kan shafe kwana goma zuwa sha uku suna miƙa dunƙulen shinkafa, har rai ya daina gararamba ya shiga sahun kakanni. Jarirai da waɗanda suka ƙaurace wa duniya don bauta ba a ƙona su, binne su ake yi ko a saka su a ruwa. Wannan togaciya ta nuna cewa aikin wuta tsarkakewa ne da yanke alaƙa da jiki, kuma wanda ake ganin ba shi da dauɗa ba ya buƙatarta. Duk da haka, irin haihuwar da rai zai sake yi tana rataye ne da ayyukansa.

Tarihin Kiristanci a wannan batu ya fi tsawo da sarƙaƙiya. A shekara ta 177, hukumomin Rum a birnin Liyon na ƙasar Faransa ta yau sun ƙone gawarwakin Kiristocin da suka kashe, suka watsa tokar a kogin Ron, da niyyar yanke musu tsammanin tashin matattu, kamar yadda masanin tarihi Yusibiyos ya ruwaito. Cocin ba ta taɓa yarda cewa wannan dabara ta yi tasiri ba; waɗannan mutane shahidai ne a wurinta. Ogastin, malamin Hippo a Aljeriya ta yau, ya tafi a kan cewa hidimar jana'iza ta fi zama sanyin zuciya ga masu rai fiye da taimako ga mamaci, kuma babu ɓangaren jiki da zai ɓace wa Mahalicci. Amma binnewa ta ci gaba da zama alamar Kirista, har Sarki Shalaman ya yanke hukuncin kisa, a ƙarshen ƙarni na 8, ga duk Basakisone da ya ƙona gawa bisa al'adar kakanninsa.

Rikicin ya farfaɗo bayan buɗe gidan ƙona gawa na zamani a Milan a 1876. Da yawa daga masu yaɗa wannan tsari a Italiya abokan hamayyar malaman coci ne, wasunsu ma suna zaɓar wuta don nuna cewa ba su yi imani da tashin matattu ba. Fadar Fafaroma ta haramta shi a 1886, dokokin coci na 1917 kuma suka hana yi wa wanda ya yi wasiyya da shi addu'ar jana'iza. Abin da aka hukunta a nan niyya ce. Shi ya sa a 1963, zamanin Fafaroma Bulus na Shida, aka sassauta dokar ba tare da an taɓa aƙida ba: an yarda da ƙonawa muddin ba inkari ne dalilinta ba, tare da bayyana cewa ba ta shafar rai kuma ba ta hana Allah tayar da jiki. Umarnin da Fadar ta fitar a 2016 ya nanata haka, sai dai ya hana watsa toka a iska ko ruwa, ko ajiye ta a gida, ko sanya ta cikin abin wuya. Cocin Otodoks ta Girka ba ta bi wannan sassauci ba, kuma sai a 2019 aka buɗe gidan ƙona gawa na farko a ƙasar.

A Musulunci babu saɓani tsakanin mazhabobi cewa ƙona mamaci haramun ne. Wanka, likkafani, salla da binnewa haƙƙinsa ne a kan al'umma, farilla ce da in wasu suka yi ta sauka daga wuyan saura. Malamai na kafa hujja da ƙissar hankakan da ya koya wa ɗan Annabi Adamu binne ɗan'uwansa a Suratul Ma'ida, da hadisin Abu Dawud da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Laifin kuwa yana kan mai ƙonawa da mai wasiyya da ita. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mutum da ya umarci 'ya'yansa su ƙone shi, su sheƙe tokar rabi a tudu rabi a teku, don gudun hisabi. Allah ya tattaro shi, ya tambaye shi dalili, ya ce tsoro ne, aka gafarta masa. Wuta ba ta ɓoye shi ba, ba ta kuma hana shi rahama ba. Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa wannan a Kitabur Ruh, inda ya nuna cewa ni'ima ko azabar barzahu na riskar wanda namun daji suka cinye da wanda ya ƙone ƙurmus kamar yadda take riskar na cikin kabari. Wanda gobara ta kashe ma hadisi ya lissafa shi cikin shahidai.

Wannan bambanci tsakanin hukunci da makoma ya fito fili a Siri Lanka lokacin annobar korona. A 2020 gwamnati ta tilasta ƙona duk wanda cutar ta kashe, bisa hujjar cewa binnewa za ta gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da binnewa. Musulmin ƙasar, kusan kashi goma cikin ɗari na jama'a, sun yi ta ɗaura fararen ƙyallaye a shingen makabartar Borella da ke Kolombo, wasu iyalai kuma suka ƙi karɓar toka. Ta fuskar fiƙihu, mamatan da iyalansu ba su da zunubi tunda tilas aka yi musu; abin da aka tauye shi ne haƙƙin sutura. An janye dokar a watan Fabrairun 2021, aka keɓe makabarta a Oddamawadi da ke gabashin tsibirin, kuma a watan Yulin 2024 gwamnatin ƙasar ta nemi afuwa a hukumance.