Kwamfuta ta ƙi tashi: yadda ake tayar da ita da kile USB kafin a kai ga formatewa

Yau batun kwamfuta ne, ko ordinater kamar yadda aka saba faɗi a nan. Da yawa daga cikin waɗanda ake aiki da su a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai na gwanjo ne, wasu kuma ƴan uwa ne suka aiko da su daga waje. Ranar da irin wannan kwamfuta ta ƙi tashi, maganar da aka fi ji a wurin gyara ita ce "sai an formate". To formatewa na share duk abin da ke ciki: memuwar ɗin ɗalibi, lissafin ƙungiyar manoma, hotunan biki, karatun da aka ɗauka. Alhali sau da yawa takardun suna nan lafiya lau, Windows ne kawai ya lalace. Ana iya tayar da kwamfutar daga waje, da kile USB, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira filash, a kwashe kayan tukuna, gyara ya biyo baya.

Me ke faruwa in an kunna kwamfuta?

In aka danna madannin kunnawa, ba Windows ne ke fara aiki ba. Akwai wani ƙaramin tsari da ke zaune cikin jikin injin ɗin kansa, ana kiran shi BIOS, a sababbin kwamfutoci kuma UEFI. Shi ne ke duba kayan ciki, sannan ya nemi inda zai samo manhajar da za ta tafiyar da kwamfutar. Yana da jerin wuraren da yake dubawa ɗaya bayan ɗaya, kuma yawanci faifan ajiya na ciki, wato disk dir, shi ne na farko. Idan Windows ɗin da ke kan faifan ya samu matsala, tafiya ta tsaya nan.

Amma BIOS bai damu da cewa lalle sai faifan ciki ba. In aka nuna masa kile mai ɗauke da manhajar tashi, daga can zai tayar da kwamfutar. Kamar mota ce da batirinta ya mutu aka ara mata na wata: injin nata ne, wutar farko ce kawai ta zo daga waje.

Wace matsala ce kile ke taimakawa a kanta?

Idan kwamfuta na kamawa, allo na nuna sunan kamfani, amma sai ta tsaya, ko ta nuna allo mai shuɗi, ko ta yi ta juyawa kan rubutun "Préparation de la réparation automatique", ko ta rubuta "No bootable device", to akwai fata. Irin wannan na yawan biyo bayan ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta Windows, ko shigar birus, ko tsufan faifai.

Idan kuwa ko fitila ba ta kamawa, fanka ba ta motsi, allo baƙi ƙirin, wannan ba aikin kile ba ne. A duba caja da batiri, in ba su ba ne a kai wa mai gyara.

Yadda ake haɗa kile ɗin

Ana bukatar wata kwamfuta mai lafiya da intanet, ta aboki ko ta sibar, da kile mai aƙalla jiga 8. Ku lura da kyau: haɗawar na share duk abin da ke kan kile ɗin, saboda haka a kwashe kayansa tukuna. Kwafa fayil ɗin kawai a zuba cikin kile bai wadatar ba, sai an rubuta shi da manhajar da aka yi don wannan aiki.

Iri biyu ne aka fi amfani da su. Na farko shi ne kile na Windows, wanda ake haɗawa da manhajar Media Creation Tool daga shafin kamfanin Microsoft. Amfaninsa gyara Windows ko sake saka shi. Na biyu shi ne kile na Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne. Ana sauke fayil ɗinsu mai suna ISO, a rubuta shi kan kile da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Rufus. Wannan na biyun shi ya fi dacewa da ceton takardu, domin yana aiki kacokan daga kan kile ɗin ba tare da an saka komi cikin kwamfutar ba. Linux Mint bai kai Ubuntu nauyi wajen saukewa ba, wajen jiga 3 ne, kuma yana tashi a inji mai jiga 2 na RAM.

A cikin Rufus akwai wurin zaɓi tsakanin MBR da GPT. Tsofaffin injina na zamanin Windows 7 yawanci MBR suke so, waɗanda suka fito daga 2012 zuwa yau, wato daga zamanin Windows 8, yawanci GPT. In an gwada ɗaya kwamfutar ba ta ga kile ɗin ba, a sake rubuta shi da ɗayan. Sannan a yi hattara da kile na jabu da ke yawo a kasuwa, wanda aka rubuta masa jiga 64 alhali bai kai ba. Irinsa yana lalata fayil ba tare da ya nuna alama ba.

Madannin da ake dannawa

A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a jona ta da caja, a saka kile, a kunna. Nan take, tun kafin alamar Windows ta fito, a yi ta danna madannin da ke buɗe jerin wuraren tashi. Kowane kamfani da nasa:

HP: Esc, sannan F9.
Dell: F12.
Lenovo: F12. Wasu suna da ɗan ƙaramin madanni a gefe mai suna Novo.
Toshiba: F12.
Acer: F12, amma wani lokaci sai an shiga BIOS da F2 an buɗe masa hanya.
Asus ta hannu: Esc.
Mac mai injin Intel: a riƙe madannin Option yayin kunnawa. Masu injin Apple, daga M1 na 2020, madannin kunnawar ake riƙewa, kuma su kile na Windows ko Linux na yau da kullum ba ya tayar da su.

A wasu kwamfutocin hannu sai an haɗa da madannin Fn. In jerin ya fito, a sauka da kibiya zuwa sunan kile ɗin ko inda aka rubuta USB, a danna Entrée. In an makara Windows ya riga ya fara, ba komi, a kashe a sake.

Ceton takardu

Da kile na Ubuntu za a ga zaɓi biyu: gwadawa da sakawa, wato "Essayer Ubuntu" da "Installer Ubuntu". Gwadawa za a zaɓa. A Linux Mint kuwa kai tsaye yake buɗewa, sai dai a bar alamar sakawa da ke kan allo, kar a taɓa ta. Tashin zai ɗan yi nawa, domin kile bai kai faifan ciki sauri ba.

Daga nan a buɗe wurin fayiloli, a nemi faifan kwamfutar, a shiga dosiye mai suna Users, sannan sunan mai kwamfutar. Ga wani abu da ke rikita mutane: ko da Windows ɗinku na Faransanci ne, a nan sunayen da Turancin Ingilishi za su fito. Utilisateurs zai zama Users, Bureau ya zama Desktop, Téléchargements ya zama Downloads, Images ya zama Pictures. Kayanku ba su ɓata ba, suna ne kawai ya sauya. A saka wani kile na biyu ko faifan waje, a fara da takardun da suka fi muhimmanci, bidiyo ya zo daga ƙarshe. In an gama, a kai wata kwamfuta a buɗe wasu daga ciki a tabbatar sun kwafu.

Wannan gwaji yana kuma nuna inda ciwon yake. Idan Linux ya tashi, allo da madannai suna aiki, faifai ya buɗu, to injin lafiya yake, Windows ne ke bukatar gyara. Idan Linux ya tashi amma bai ga faifan ba, ko kwafa na ta tsayawa, mai yiwuwa faifan ne ya gaji, kuma sauya faifai ya fi sayen wata kwamfuta sauƙi nesa ba kusa ba.

Gyaran Windows

Bayan an kwashe kaya, sai a tayar da kwamfutar da kile na Windows. Kar a yi gaggawar danna wurin sakawa. A nemi "Réparer l'ordinateur", sannan "Dépannage". A nan akwai "Outil de redémarrage système" mai gyara tashi, da "Restauration du système" mai mayar da Windows yadda yake kwanakin baya ba tare da ya taɓa takardu ba. Sai waɗannan sun gaza ake maganar sake sakawa. Mai shirin sake sakawa ya san cewa Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, wa'adin kulawar yau da kullum ta Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025 ne.

Abubuwa huɗu na kiyayewa

Na ɗaya, ƙarar faifai. In kun ji yana ƙas-ƙas daga ciki, ku daina kunnawa da kashewa. Kowane kunnawa na ƙara masa rauni.

Na biyu, BitLocker. Sababbin kwamfutoci da yawa, musamman waɗanda suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje, faifansu a kulle yake da wannan tsari. Ba a buɗe shi daga waje sai da wata lamba mai alƙaluma 48, wadda yawanci take ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara amfani da kwamfutar, ko a hannun ofishin da ta fito. Taɓa Secure Boot a cikin BIOS ma na iya sa kwamfutar ta nemi wannan lamba. Saboda haka kar a sauya shi sai dole. Ubuntu da kile na Windows suna tashi ko da yana kunne.

Na uku, wuta. Kar a fara kwafa ko gyara da batirin da ya kusa mutuwa, musamman lokacin zafi da ɗaukewar wuta ke yawa.

Na huɗu, amana. In faifai ba a kulle yake ba, wannan hanya na buɗe fayiloli ba tare da an nemi kalmar sirrin Windows ba. Ke nan duk wanda kuka bar wa kwamfutarku zai iya ganin abin da ke ciki. Ku zaɓi mai gyara da kuka yarda da shi, in da hali ku zauna a kwashe kayan a gabanku. Buɗe ta wani ba da izninsa ba kuwa cin amana ne.

Ga ƴan uwa na ƙetare masu aiko da kwamfuta gida: ku duba ko BitLocker na kunne, ku kashe shi ko ku rubuto lambar, sannan ku haɗo da kile guda da aka riga aka shirya, tunda sauke jiga da yawa ba ƙaramin kuɗin intanet ba ne a ƙauye. Ga na gida kuma, duk ranar da aka ce muku sai an formate, ku fara tambaya: an gwada tayar da ita da kile an kwashe takarduna?