Murfin da Ya Ƙi Buɗuwa: Nazari kan Gyaran Murhun Ɗumama Gida a Amurka

A arewa maso gabashin Amurka, jihohi irin su Maine da Massachusetts da New York, har yanzu miliyoyin mutane da mai suke ɗumama gidajensu lokacin hunturu. Man ɗan uwan dizal ne, ana ƙona shi a murhun ƙarfe da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wutar na ci a cikin rufaffen akwati, hayaƙi ya bi hanyarsa ya fita ta bututu, fanka kuma ta hura iskar gida ta bayan ƙarfen ta kwashi zafi. Bangon ƙarfen nan shi kaɗai ya raba hayaƙi da numfashin iyali. Domin a riƙa share kunkunniyar da ke taruwa ciki, ana barin ƴan kafofi masu murfi. Sau ɗaya a shekara ya kamata a buɗe su, a zura buroshi, a zuƙe dattin. Nan ne aikin kan tsaya, don murfin yakan kafe kamar an yi masa walda.

Abin da ke kafe shi ya fi ƙarfin datti. Man yana ɗauke da farar wuta, in ta ƙone ta haɗu da tururin da ke cikin hayaƙi sai ta zama asid. Bakin kafar shara ya fi sauran akwatin sanyi saboda ya miƙo waje, don haka a nan danshin ke sauka. Da bazara kuwa murhu kan zauna a kashe wata da watanni, laimar ɗakin ƙasa na ratsa kunkunniyar. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, saboda haka tana kumbura tsakanin murfi da bututun kafar ta cike ɗan sararin da ke tsakaninsu. Shi kuma gaskit, wato abin da ake sawa ƙarƙashin murfi ya toshe hayaƙi, zafi ya gasa shi ya manne gefe biyu.

Batun farar wutar nan ne ya sa dokar mai ta shafi aikin makaniki kai tsaye. A 2012 jihar New York ta taƙaita farar wuta a man ɗumama gida zuwa kashi 15 cikin miliyan, alhali a da takan kai dubbai, maƙwabtanta kuma suka bi sahu. Sababbin murahu sun samu sauƙi. Tsofaffin da suka sha tsohon mai shekaru da dama, su ne ke wahalar da masu gyara.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar abin a matsayin gwajin ƙarfi. Murfi ba shi da tsada, amma guntun bututun da yake kai walda ce ta haɗa shi da akwatin wuta. Wanda ya sa doguwar sifana ya danna, ko ya yi ta bugu da guduma, waldar yake murɗawa. Tsagar da za ta fito ba lallai ido ya gan ta ba, amma ta nan kabon monoksaid zai iya shiga iskar ɗakuna, gubar nan mara wari da ke kashe iyalai in an kwana da janareta a cikin gida. In akwatin ya tsage, sau da yawa sai dai a sake murhun dungurungum.

Hanyar da ta fi dacewa haƙuri take bukata. A kashe murhu, a bari ya huce, a kankare bakin murfin, a fesa man da ke ratsa tsatsa, a ba shi lokaci. Sai a riƙa ɗan ƙwanƙwasa kewayensa a hankali, don girgiza ce ke fasa ɓawon tsatsa. In ya ƙi, a koma ga zafi, kuma akwai lissafi a ciki: murfi mai faɗin milimita 100, in ya fi bututunsa zafi da digiri 200, zai buɗe da kusan rubu'in milimita. Kaɗan ne, amma ya isa. Sharaɗin shi ne a gasa na waje. In murfin ne ya rufe bututu, shi za a gasa. In kuwa toshi ne da ya shige ciki, gasa shi ƙara matse shi zai yi. Kuma a goge man da aka fesa tukuna, don yana kama wuta.

In duk an yi bai motsa ba, gara a sadaukar da murfin, a tsaga shi da zarto a ɓare shi, muddin akwai sabo a hannu kafin a fara. Gaskit ɗin tsofaffin murahu na iya ƙunsar asbestos, don haka ba a kankare shi a bushe ko babu takunkumi. Wajen mayarwa a sa sabon gaskit, a shafa man hana kafewa mai jure zafi, irin mai nikel ko jan ƙarfe, sannan a kunna murhun a auna hayaƙinsa da na'ura kafin a bar gidan.