Akushin Salla: Tarihin Abincin Bukukuwa a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Labarin da ya fi kowane daɗewa a bakin mutanen Daura labari ne na baƙo da ruwan sha. An ce Bayajida ya iso garin da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa, sai ta shaida masa cewa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, domin macijin da ke cikin rijiyar Kusugu ba ya barin kowa ya ɗiba sai a wannan rana. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan asalin wannan labari, amma abu guda a fili yake, wato jama'ar da ta adana shi ta san ƙarancin abin sawa a baka, ta kuma san darajar ranar da aka keɓe domin kowa ya sami rabonsa. A kan waɗannan abubuwa biyu, ƙaranci da rabo, aka gina abincin bukukuwa a ƙasar Daura, kuma da su ne za a auna sauye-sauyen da ya samu.

Abin da ƙasa ke bayarwa

Masarautar Daura, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu, tana bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Ƙasa ce mai jigawa, daminarta ba ta cika wuce wata huɗu ba. Saboda haka gero da dawa da wake su ne ƙashin bayan noma. Gero kuwa tsohon ɗan gida ne a wannan yanki, gama masu binciken kufai sun sami alamun nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Abincin yau da kullum bai wuce tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ba, sai fura da nono da rana, sai koko ko ɗumame da safe.

Shinkafa da alkama ba su yi sai a fadama ko lambu, nama kuwa sai an yi yanka, zuma da man shanu sai mai hali. Idan aka dubi jerin abincin salla na dā, za a tarar duk daga waɗannan abubuwa masu wuyar samu aka haɗa shi: tuwon shinkafa da waina da nakiya daga shinkafa, funkaso da alkaki daga alkama, a jiƙa alkakin da zuma, a kwarara wa tuwon man shanu. Fatauci ya cike sauran giɓin. Ayarin Azbinawa ya kawo gishirin Bilma, fatake suka kawo goro daga Gwanja, wanda har yau sunansa bai fita daga kyautar "goron salla" ba ko da kuɗi aka bayar. Hatta miyar taushe, wadda ake ɗauka tun kaka da kakanni take, kabewarta da gyaɗarta da barkononta asalinsu daga nahiyar Amurka ne, ba su shigo Afirka ba sai bayan shekarar 1492.

Lissafi biyu

Kafin Musulunci ya kafu, bukukuwan Hausawa lissafin damina da kaka suke bi. Ana shagali ne lokacin da amfanin gona ya iso gida, a gasa tumu, a yi kalankuwa da dambe da kokawa. Maguzawan ƙasar Kano, waɗanda Joseph Greenberg ya buga littafi a kansu a 1946, sun riƙe yanke-yanke da shan giya na irin waɗannan lokuta. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya, don kuwa Ibo ma suna da bikin cin sabuwar doya.

Musulunci ya zo da lissafin wata, wanda shekararsa ke gaza ta rana da kwana 10 ko 11. Ma'anar wannan ita ce salla tana zagaya dukkan lokutan shekara cikin kimanin shekara 33. Wata shekarar ta faɗo da kaka, rumbu cike. Wata shekarar ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Biki ya daina jiran wadata, sai ya zama dole a yi masa tanadi, a kuma tallafi wanda bai iya tanadin ba. Abin lura ne cewa sunayen da Hausawa suka laƙaba wa watannin Musulunci da yawansu a kan ci da sha ko barinsu suke: watan Cika-ciki, watan Azumin Tsofaffi, watan Sha-ruwan Tsofaffi, watan Azumi, watan Layya.

Azumi da ƙaramar salla

A watan Azumi kunun tsamiya ko na kanwa da ƙosai su ne abin buɗa baki na gargajiya, kuma ba a dama su daidai cikin mutanen gida, sai an ƙara na masallaci da na almajirai da na maƙwabta. Kafin a tafi idi, kowane magidanci yana fitar da zakkar kono, sa'i ɗaya, wato mudun Annabi huɗu, a kan kowane mutum da yake ciyarwa, daga irin hatsin da aka fi ci a garin. Manufarta ita ce kada a wayi gari ranar salla da gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Tun daren jajibere mata ke kama aiki. Da hantsi kuwa sai a ga yara sun cika unguwa ɗauke da akussa rufe da faifai, ana kai tuwon salla gidan surukai da iyayen gida da aminai da malamai. Kwanon da ya tafi da tuwo ba ya dawowa wayam. Ko a zubo na gidan da aka kai wa, ko a ba ɗan aike tukuici. Wanda ya bi sawun waɗannan kwanuka a rana ɗaya zai iya zana taswirar zumuncin unguwa duka, ya san wa ke girmama wa, ya kuma gane inda aka ɓata, domin hana tuwon salla sanarwa ce ta yanke hulɗa.

Layya da Cika-ciki

Ranar 10 ga Zulhajji, bayan liman ya yanka ragonsa, magidanta ke yanka nasu. A gidaje da yawa akan soya kayan ciki a ranar, a rataye sauran ya kwana ya tsane, washegari a yi rabo. Shari'a ta kwaɗaitar da a ci, a yi sadaka, a yi kyauta, al'ada kuma ta tsara wa za a kai wa cinya, wa za a kai wa hannu. Da yake babu na'urar sanyi a dā, mata suka ƙware wajen adana nama: a soya shi har ya bushe, a yi dambunsa, a narka kitse a ajiye kakide don miya. Fatar kuwa a jeme ta ta zama buzun salla.

Akwai wani sashe da ake ɓoyewa musamman, wato wutsiya da busasshen kai ko ƙafafu. Su ne ake fito da su bayan wata ɗaya, a kwanakin Tasu'a da Ashura, 9 da 10 ga Muharram, a yi miya mai yawa, kowa ya ci har ya ture, bisa imanin jama'a cewa wanda bai ƙoshi a daren ba zai yi fama da yunwa cikin shekarar. Wannan shi ne Cika-ciki. Malamai da dama sun yi inkarin wannan imani, suna nuna cewa abin da ya inganta a ranakun shi ne azumi. Duk da haka al'adar tana da 'yan'uwa a nesa. A Maroko ana adana wutsiyar ragon layya da busasshen namansa har zuwa Ashura a dafa da kuskus. A Senegal ana kiran daren Tamkarit, ana cin kuskus ɗin gero har a ƙoshi. Turkawa kuwa suna dafa wani irin fate mai zaƙi na alkama da wake da busassun 'ya'yan itace su raba wa maƙwabta. Kamancin na Maroko da na ƙasar Hausa yana tunatar da mai nazari cewa hanyoyin Sahara sun ɗauki al'adu tare da gishiri da littattafai.

Sallar Gani

Bikin da ya bambanta Daura da yawancin masarautu shi ne Sallar Gani, wadda ake yi a watan Rabi'ul Awwal, lokacin Maulidi, Sarki ya yi hawa, hakimai su shigo gari da dawakinsu da jama'arsu. Tarihin sarautar ya sha gwagwarmaya. A farkon ƙarni na 19 Malam Ishaku ya karɓi tutar jihadi ya ci garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita, magadansa suka kafu a Zango da Baure, sai a 1906 Turawa suka maido da gidan ta hannun Malam Musa. M. G. Smith ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 1978. Ta fuskar abinci kuwa, Gani ranar saukar baƙi ce. Baƙin da suka cika gari sai an ci da su, dawakinsu sai an ba su harawa da dawa, nauyin kuma yana kan fada da gidajen masu sarauta da masu masauki. A tsarin Hausawa girman basarake yana bayyana ne a yawan akussan da ke fita daga gidansa.

Sauyin zamani

Ƙarni na 20 ya girgiza wannan tsari ta fuska biyu. Ta farko yunwa ce: Kakalaba ta 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da farin 1972 zuwa 1974 wanda ya hallaka dabbobi masu yawa a wannan yanki. Ta biyu wadata ce. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 suka buɗe ƙofar shinkafa da fulawa 'yan waje, har abin da ake jira shekara guda kafin a ɗanɗana ya zama abincin ranar Talata a gidan ma'aikaci. Cincin da taliya da lemon kwalba suka shiga jerin abincin salla, akushi ya ba kwanon tasa wuri, shi kuma ya ba kula.

A 'yan shekarun nan ƙarancin ya dawo da sabuwar kama. Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da janye tallafin man fetur a Mayu 2023, da sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli na wannan shekarar, duk sun taɓa farashin hatsi da dabbobi, musamman a kasuwa irin ta Mai'aduwa wadda cinikinta ya jingina da ƙetaren iyaka. Magidanta da yawa sun koma haɗa kuɗi su yi watanda, wasu kuma sun rage gidajen da suke kai wa tuwo.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa abin da ke cikin kwanon salla ya sha canzawa, daga gero zuwa shinkafa, daga zuma zuwa sukari, ba tare da bikin ya rasa ma'anarsa ba. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne fitar kwanon daga gida zuwa gida, kuma shi ne yau yake cikin haɗari, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Firji ya sa ana iya ajiye rago sukutum har wata uku, alhali a dā tsoron lalacewa kaɗai ya isa ya sa a raba. Ma'aikacin da ke da albashi da ɗalibin da zai zama magidanci gobe su ne wannan tambaya ta fi shafa: a cikin gidajen da kakanninsu ke aika wa tuwon salla, guda nawa ne har yanzu ɗan aike ke sallama a ƙofarsu?