Kogin Jakara da Gayyar da Muka Yi Masa a 1985

 Ina so in ɗan ja hankalin 'yan uwa tsofaffin ɗalibai zuwa ga wani maƙwabcinmu da muka daɗe muna toshe hanci in mun zo wucewa ta kansa, watau Kogin Jakara. Dalilin wannan rubutu shi ne gardamar da ta tashi a taronmu na ƙarshe, inda wasu suka kawo shawarar ƙungiya ta fita aikin gayya a bakin kogin, wasu kuma suka ce wannan aikin gwamnati ne, ba na masu furfura ba. Ni dai ban ce uffan ba a wurin, don kuwa ina cikin waɗanda suka taɓa shiga cikin kogin nan da shebur, kuma abin da na gani ya fi ƙarfin minti biyun da shugaban taro yake ba kowa.

Da farko ya kamata mu san cewa Jakara ta girmi ganuwa. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta tun a labarin Barbushe da mutanen Dala. A wancan zamani wurin kurmi ne mai duhu, ruwansa baƙi, mutane suna tsoronsa, suna kai yanke-yankensu can. Wannan al'adar jahiliyya ce, Musulunci ya kawar da ita, alhamdu lillahi. Amma akwai abin lura a ciki, shi ne ba mai kai gatari wurin. Daga baya Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwa a gefen kurmin, shi ya sa har yau ake ce mata Kasuwar Kurmi, ko da yake mai neman inuwar itace a cikinta zai sha yawo.

Akwai maganar da tsofaffi suke yawan yi, wai a da ruwan Jakara garai-garai yake. Ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Kyaftin Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa akwai wata babbar fadama da ta kusa raba birnin gida biyu, kuma ita ya ɗora wa laifin rashin lafiyar garin. Dokta Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya zo a 1851, shi ma bai yabi ruwan ba. Ke nan tun birnin yana da mutum dubu 30 ko 40, kamar yadda baƙin nan suka ƙiyasta, Jakara take karɓar dagwalonsa. Bambancin kawai shi ne irin dattin da kuma yawansa. Toka ce, da ruwan wanke-wanke, da baba daga marina, da abin da majema suke zubarwa, su kuwa da bagaruwa suke jima. Duk waɗannan abubuwa ne da ƙasa take iya cinyewa. Sa'an nan ga kududdufai birjik a cikin gari, waɗanda aka haƙa garin ɗibar ƙasar gini da ta ganuwa. In an yi ruwan sama su suke fara cika, laka ta kwanta a cikinsu, sauran ya gangara Jakara a hankali.

Abu na biyu, kogin yana da masu shi. In bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, mai unguwa yakan sa a yi shela, samari su fito da fatanya da kwando su yashe kwatar unguwa har inda ta faɗa kogi. Ba a biyan kowa, sai dai gidajen masu hali su aiko da kunu ko fura. Wanda ya ƙi fitowa ba a kai shi gaban alƙali, amma ranar da katangar gidansu ta faɗi zai ga yadda ake juya baya. Da Turawa suka zo, sai aka ƙara da duba-gari, masu leƙa randa da masai, aka kuma buɗe makarantar koyon aikin tsabta a Kano a 1932. A daidai wannan lokaci, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka jawo ruwan famfo daga Challawa. Wannan alheri ne babba. Sai dai ruwan da ya shigo gari ta famfo dole ya fita ta wata hanya, hanyar kuwa ita ce Jakara. Bugu da ƙari, wanda yake da famfo a ƙofar gida ya daina damuwa da lafiyar ruwan da ke bayan gida.

To, mu zo kan namu zamani. 'Yan ajinmu za su tuna da malaminmu na labarin ƙasa, Allah Ya jiƙansa, mai keken nan da ba ya rabo da taswira a ɗaure a kariya. Shi ne a bazarar 1985 ya tambayi wanda zai iya zana hanyar Jakara a allo. Mu da muka haddace tsawon Kogin Nilu da na Kwara, ba wanda ya iya. Sai ya ɗauki alli ya nuna mana yadda take tattara ruwan unguwannin cikin birni, ta wuce ta gefen Kurmi, ta fita ta Fagge, ta nufi arewa maso gabas, ta haɗu da rafin Getsi da ke fitowa daga wajen masana'antun Bompai, sa'an nan ta zube a madatsar ruwan Wasai ta ƙasar Minjibir, wadda aka gina a 1976. Da ya gama sai ya ce duk mai so ya zo ranar Asabar, ba dole, kuma ba maki.

Mun kai mu talatin da muka fita. Malam ya riga ya je ya gai da mai unguwar wurin, saboda haka muka tarar da samarin unguwa suna jiranmu, suna yi wa fararen kayanmu dariya. Aka raba shebur da manjagara da baro. Abin da muka riƙa fitarwa daga cikin laka shi ne gwangwanaye, da tsummoki, da ƙasusuwa da ƙahonni, da silifas marasa 'yan uwa, har da wata tsohuwar katifa da sai da mutum shida suka ja ta. Leda ba ta yi yawa ba a lokacin, don ruwan leda bai shigo ba sai cikin shekarun 1990. Kafin azahar ruwan da ya yi wata da watanni a tsaye ya fara motsi, muka yi ta sowa kamar mun ci kofi.

Amma a ranar ne muka yi wani kuskure da har yau nake jin kunyarsa. Mu 'yan aji huɗu aka ba mu adda, muka ga ciyawa da kashe-kwari sun rufe gaɓar kogin, muka ɗauka su ma datti ne, muka hau sara har da tumɓuke saiwa. Wani dattijo da ke zaune a kan buzu a ƙofar zaurensa ya ɗaga murya ya ce, "Kai samari, wannan da kuke cirewa ita ce ta riƙe mini bayan gida." Na ce, "Baba, ai macizai da sauro ne a ciki." Ya ce, "To, Allah Ya kai mu damina." Malam yana can ƙasa da masu baro, kafin ya iso mun aske wajen taku arba'in tas. Bai yi mana faɗa ba. Tsugunnawa ya yi ya ba dattijon haƙuri, sa'an nan ya ɗebo ƙasar wurin a hannu ya nuna mana yadda take zubewa ba abin da ke riƙe ta. Da ruwa ya sauka, gaɓar nan ta zaizaye, ƙasar da ta zube ta koma cikin kogin ta cike rabin abin da muka yashe, bangon makewayin dattijon kuma ya tsage. Sai da muka koma Asabar biyu muna kafa turaku muna dasa kashe-kwari da gamba, muna jera buhunan ƙasa. Dattijon bai taɓa cewa "ai na faɗa muku" ba, goro ma ya ba Malam.

Ana cikin haka sai tsabtar gari ta zama doka. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a watan Maris na 1984, kuma a nan Kano aka ƙaddamar da kashi na biyar na shirin, wanda ya shafi tsabtar muhalli, a watan Yuli na 1985, lokacin Hamza Abdullahi yana gwamna. Har kyautar naira miliyan ɗaya aka sa wa babban birnin jihar da ya fi tsabta. Gaskiya gari ya yi fes, juji da yawa da muka taso muka gani sun ɓace cikin 'yan makonni. An kifar da gwamnatin ranar 27 ga Agusta na wannan shekara, amma Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsabta ta zauna da gindinta, gwamnatoci suka yi ta gadonta.

A nan ne nake da ra'ayin da na san wasu ba za su so ba. A ganina shara ta dole ta yi wa gayya illa. Da aka fara sa mutane tsallen kwaɗo a kan kwata, sai yasar kwata ta tashi daga aikin unguwa ta koma aikin hukuma. Mutum ya fito ya share ƙofar gidansa don kada a kama shi, ya tara lakar a bakin lambatu yana jiran tifa, tifa ba ta zo ba, ruwan sama ya maida ita inda ta fito. Da bulala ta kau, sai aka wayi gari ba tsoro, ba kuma shelar mai unguwa. A watan Agusta na 1988 aka yi ruwan nan da ya fasa madatsar Bagauda, ya kuma rushe gidaje masu yawa a cikin Kano. Duk wanda ya zaga unguwanni a makon nan ya ga inda ruwa ya fi ɓarna, watau inda aka cike kududdufi aka yi gini, da inda kwalbati ya toshe.

Masu cewa aikin gwamnati ne su ma suna da gaskiyarsu, kuma ba ƙarama ba. Akwai dattin da manjagara ba ta kamawa. Masana'antun jima na zamani ba da bagaruwa suke aiki ba, da gishirin wani ƙarfe ne mai suna kuromiyam, kuma masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna ruwan Getsi da na Jakara suna samun irin waɗannan ƙarafa masu guba a ciki. Ko mu dubu muka fita ba za mu tsame wannan ba, sai an tace ruwan tun kafin ya bar harabar masana'anta. Doka kuwa akwai ta. Bayan da aka gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a ƙarshen shekarar, aka fitar da ƙa'idojin zubar da ruwan masana'antu a 1991, sa'an nan a 2007 aka kafa NESREA. A cikin ƙungiyar nan tamu akwai lauyoyi da injiniyoyi da manyan ma'aikata masu ritaya da suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, wannan ɓangaren nasu ne.

A zamanin mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin gine kogin da kankare a rufe shi a shimfiɗa titi a kansa, daga Jakara zuwa Kwarin Gogau, wanda jama'a suke kira titin Wuju-Wuju. Aikin ya daɗe yana tafiya yana tsayawa. Mazauna bakin kogin da suka sha wari da sauro shekara da shekaru ba wanda zai ga laifinsu in sun yi murna. Ni dai abin da nake tunawa shi ne rufin ya ɓoye ruwan ne kawai, bai wanke shi ba, yana nan yana fita ta ɗaya bakin.

Na bi shi kwanakin baya don in ga inda yake fita. A wajen Kwakwaci na tarar da masu lambu sun jefa mesar injin ban ruwa cikin baƙin ruwan nan, ga latas da kabeji da alayyahu kore shar, ana ɗaurawa a babur za a kai kasuwa. Na tambayi wani daga cikinsu ko ruwan ba ya damunsa. Ya ce, "Alhaji, ƙafa tana ƙaiƙayi, amma ba ya ƙafewa ko da rani, taki ma kaɗan muke saye." Ban ga laifinsa ba, da shi yake ciyar da iyali. Amma latas ɗin nan ni da ku muke sa shi a kan shinkafa ranar suna.

Saboda haka ga abin da zan kawo a taro mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Kada mu yi irin fitar nan ta rana ɗaya da riguna masu tambari da mai ɗaukar hoto. Mu zaɓi gaɓa guda da ba a rufe ba, ko da taku ɗari biyu ce, mu fara da zuwa gaisuwa wurin mai unguwa da limami kamar yadda Malam ya yi. Mu sayi shebur da baro da takalman ruwa da safar hannu mu bar su a hannun samarin wurin, mu biya kuɗin tifar da za ta kwashe lakar a ranar da aka fito da ita, mu dasa abin da zai riƙe gaɓa kafin ruwan farko, mu kuma koma duk bazara. Mu da gwiwa ta fara ciwo, kunu da fura ma aiki ne.

Akwai hoto guda da aka ɗauke mu a ranar gayyar 1985, muna tsaye a bayan katifar nan, Malam yana gefe da wandonsa a naɗe. Nawa ya ɓace garin ƙaura. Duk wanda yake da shi a cikin 'yan ajinmu, don Allah ya miƙa wa sakataren ƙungiya kafin fitowa ta gaba.